Daga ayari zuwa motar iyali mai gazuwal: abin hawa da kalmominsa a tarihin Damagaram

1. Gabatarwa

Duk wanda ya duba motocin da ake ajiyewa a ƙofar ma'aikatu da makarantu a Zinder zai lura da wata irin mota da iyayenmu ba su sani ba. Ta fi ƙaramar mota tsawo da faɗi, amma ba ta kai bas ba. Kujerunta bakwai ne a jeri uku, kuma ita ce Faransawa ke kira monospace. Wasu daga cikin irin waɗannan motoci injinsu na gazuwal ne, wasu kuma suna canza giya da kansu. Mai sayarwa yakan yabe ta da abu uku: tana kwashe iyali gaba ɗaya, ba ta shan mai, ba ta gajiyar da mai tuƙi. Ma'aikata da yawa, har da malaman jami'a, sun zuba ajiyar shekaru ko sun ci bashin banki bisa ga wannan yabo.

A cikin wannan ƙasida za mu bi tarihin abin hawa a ƙasar Damagaram tun daga zamanin ayari, don mu ga inda wannan mota ta faɗo a cikinsa. Abin da muke son nunawa shi ne, a Damagaram mota ba ta zama ƴar gida sai abu uku sun haɗu mata: man da ake samu da sauƙi, kayan gyara da ke kusa, da makanikin da ya san cikinta. Da yake nazarin harshe ne fagenmu, za mu kafa hujja da kalmomi kamar yadda za mu kafa da shekaru, domin kalmar aro takan nuna hanyar da abu ya biyo kafin ya iso.

2. Zamanin ayari

A farkon ƙarni na 19 ne Sarki Sulaimanu ɗan Tintuma ya mai da Zinder babban birnin Damagaram. Ƙasar ta kai ƙarfinta a zamanin Tanimu, wanda ya yi sarautarsa ta biyu daga 1851 zuwa 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa aka ƙera masa igwa. Kamar yadda André Salifou ya nuna a littafinsa na 1971 kan Damagaram, da Stephen Baier a nasa na 1980 kan tarihin tattalin arzikin tsakiyar Nijar, wannan ƙarfi ya dogara ne ƙwarai kan fatauci. Zinder na kan hanyar da ta taso daga Tarabulus, ta bi Ghat da Agadas, ta ƙare a Kano. Ayari na kawo yadi, da takarda, da sukari, da bindigogi, ya koma da fatu, da gashin jimina, da hauren giwa, da bayi. Ban da wannan akwai ayarin gishiri na Bilma da Fashi, wanda ke musayar gishiri da dabino da geron Damargu da na Damagaram.

Wannan tafiya tana da tsarinta da kalmominta. Akwai madugu, uban tafiya. Akwai jagaba mai shiga gaba. Akwai zango, inda ake sauke kaya a kwana. Unguwar Zango ta Zinder, inda attajirai irin su Malam Yaro suka zauna, daga nan ta samo sunanta. Abin hawa kuwa raƙumi ne, da jaki, da takarkari, sai doki ga mai hali.

Abu biyu ya kamata mu riƙe daga wannan zamani. Na farko, tafiya aikin taro ce. Ba a san magidanci ya ɗauki iyalinsa shi kaɗai ya kama doguwar hanya ba. Na biyu, abincin abin hawa da maganinsa duk suna kan hanya: ciyawa da rijiya a kowane zango, da mutanen da suka san ciwon raƙumi. Sharuɗɗa ukun da muka ambata sun cika tun kafin a san mota.

3. Shigowar mota

An kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder a watan Mayu na 1898. A watan Yuli na 1899 sojojin Faransa suka ci rundunar Sarki Amadu Kuran Daga a Tirmini suka shiga birnin. Daga 1911 zuwa 1926 Zinder ce hedkwatar ƙasar Nijar, kafin a mai da ita Yamai. Amma abin da ya karya ayarin Tarabulus ya faru ne a kudu: a 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano daga bakin teku. Kayan da ke shafe watanni a Sahara sai ga shi yana zuwa daga Ikko cikin ƴan kwanaki. Daga nan Damagaram ta juya fuskarta kudu. Kano, wadda ke da nisan kilomita 240 ko kusa da haka, ta zama ƙofarta ta zuwa duniya, sai Nguru da jirgi ya kai a 1930.

A ƙarshen 1924 motoci takwas na kamfanin Citroën, masu sarƙa a madadin tayoyin baya, suka ratsa Zinder a tafiyar da Haardt da Audouin-Dubreuil suka jagoranta daga Aljeriya zuwa tafkin Cadi da gaba. A shekarun 1930 kamfanin SATT na Georges Estienne ya buɗe layin fasinja daga Alje zuwa Kano ta Tamanrasat da Agadas da Zinder. Waɗannan su ne littattafan Faransanci suka fi ambata, amma ba su ne suka sanar da talaka mota ba. Gyaɗa ce ta yi wannan. Manyan motocin da ke kwasar gyaɗa daga kasuwannin Magarya da Matamai zuwa tashoshin jirgi na Najeriya su ne suka fara ɗaukar mutane a kan buhuna. A shekarun 1950 Faransawa suka shirya abin da suka kira Opération Hirondelle don karkatar da gyaɗar Nijar ta bi Paraku da Kwatano, a 1962 kuma aka kafa SONARA don sayenta. Duk da haka hannun gabashin ƙasar bai rabu da Kano ba.

4. Abin da kalmomi ke faɗa

Wannan tarihi yana nan a bakin direbobi da makanikai. Idan muka tara kalmomin mota da ake ji a tashoshi da garejin Zinder, za mu same su kashi uku. Furucinsu na bambanta daga baki zuwa baki. Mun rubuta su yadda muka fi ji.

Kashi na farko kalmomi ne da suka fito daga Ingilishi, suka biyo ta Kano: mota, direba, inji, taya, birki, giya, sitiyari, batir, fetur, gareji, tasha. Su ne sunayen jikin motar da aikinta na yau da kullum, kuma sun riga sun narke cikin tsarin sautin Hausa. An saƙala wasali inda baƙaƙe biyu suka jeru a farkon kalma, kamar a direba da birki da sitiyari. An mai da sautin p ya koma f, kamar a fetur. Sun samu jinsi da jam'i: mota, motoci, taya, tayoyi, direba, direbobi. Abin lura shi ne, ƙasar da Faransa ta mallaka ta karɓi ainihin kalmomin mota daga harshen da ba a koyar da shi a lakwal ɗinta ba.

Kashi na biyu daga Faransanci suke. Wasunsu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da na farko: kamyo da lori, shofer da direba, buji da fulogi, isansi da fetur, gazuwal da dizal. Amma inda Faransanci ya fi ƙarfi shi ne inda hukuma ta shigo: farmi, wato takardar izinin tuƙi, da duwan, da jandarma, da asirans, da sauran takardun mota. Za mu iya cewa kasuwa ta ba da sunayen ƙarfe, hukuma ta ba da sunayen takarda.

Kashi na uku shi ne wanda Hausa ta ƙirƙira da kanta, ko ta ɗauko daga tsohon tsari: karen mota, yaron mota, a-kori-kura, ruwa-ruwa. A nan ne kuma za mu sa sunayen kamfanoni da suka zama sunayen gama-gari, irin su fijo daga Peugeot, marsandi daga Mercedes, hayis daga HiAce. A ganinmu wannan kashi shi ne ma'auni. Ba kowace mota ke samun irin wannan suna ba, sai wadda ta daɗe a tasha, aka kwance ta aka ɗaura har yara masu koyon aiki suka haddace ta.

5. Zamanin fijo da hayis

Motar da ta fara cika sharuɗɗa ukun nan ga fasinja ita ce Peugeot. An fitar da 404 a 1960, aka fitar da 504 a 1968, sai doguwarta mai jeri uku, wadda ake kira familiale, a 1971. A Faransa an yi ta ne don magidanci mai ƴaƴa da yawa. A nan kuwa ta zama motar tasha, mai ɗaukar mutum tara ko fiye tsakanin Zinder da Kano, ko Zinder da Maraɗi. Mai buɗaɗɗen baya, wadda ake ce wa bashe daga bâchée, ta zama motar kasuwannin ƙauye.

Dalilan nasararta ba a ɓoye suke ba. A 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, sai mota iri ɗaya ta dace da ƙasashen biyu. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, ya ci gaba da haɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan an daɗe da daina ta a Turai. Kayan gyaranta suka cika kasuwannin Kano, irin su Ƙofar Ruwa. Injinta na fetur mai sauƙi ne, makaniki na gane ciwonsa da kunne. Man kuma yana zuwa daga Najeriya, inda gwamnati ke tallafa wa farashin fetur. Faɗuwar darajar naira daga 1986 ta ƙara masa arha ga mai riƙe da sefa. Kwalabe da jarkokin ruwa-ruwa da suka jeru a bakin titunan Zinder daga nan suka samo asali.

A wannan lokaci tattalin arzikin jahar ya sauya. Farin 1973 da 1974 ya karya noman gyaɗa, kuɗin ƙasa ya koma ga yuraniyom, hanyar kwalta da aka yi daga Tawa zuwa Arlit wajen 1980 ta ɗauke wa Zinder babban rabo na zirga-zirgar arewa. Abin da ya rage mata shi ne iyaka da cinikin iyaka.

Toyota HiAce, wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1967, ita ce ta gaji fijo a tashoshi. Ana lissafa mata mutum 19, kuma da yawa daga cikinsu na gazuwal ne. Wannan na nuna cewa gazuwal ba baƙo ba ne a Damagaram: kamyo, da injin niƙa, da janareta, da Land Cruiser duk da shi suke aiki, kuma akwai makanikan da suka ƙware a famfonsu. Sai dai gazuwal man sana'a ne. Magidancin da ya samu halin sayen motar kansa fetur yake nema.

Akwai kuma batun ma'anar iyali. Ƙidayar 2012 ta nuna jahar Zinder ta fi kowace jaha yawan jama'a, da mutum fiye da miliyan 3.5, binciken lafiya da yawan jama'a na wannan shekarar kuma ya ba da matsakaicin haihuwa 8.5 ga kowace mace a jahar. Kujeru bakwai da suka wadaci babban gida a Turai ba sa kwashe gida mai mata biyu da ƴaƴansu. Ranar biki ko ta'aziyya, motar iyali ta gaskiya ita ce hayis da aka yi shata.

6. Asalin motar iyali da hanyar da ta biyo

Abubuwa ukun da ake yabon wannan mota da su kowanne da tarihinsa daban. Rudolf Diesel ya kammala injinsa mai aiki a Jamus a 1897. Mercedes ta sa shi a ƙaramar mota a 1936, Peugeot kuma a 403 a 1959. Giya mai canza kanta ta fito a Amurka, a motocin Oldsmobile na 1940, ta zama ruwan dare a can, alhali Turai ta daɗe tana riƙe da giyar hannu. Siffar motar kuwa ta bayyana kusan lokaci ɗaya a ɓangarori biyu: kamfanin Chrysler a ƙarshen 1983, Renault Espace a 1984. Daga baya aka samu Peugeot 806 a 1994, Volkswagen Sharan a 1995, Renault Scénic a 1996, Opel Zafira a 1999.

Haɗuwar wannan siffa da gazuwal abin Turai ne, kuma haraji ne ya haife shi. Faransa ta shafe shekaru tana ɗora wa gazuwal harajin da bai kai na fetur ba, har ya zama a 2012 fiye da kashi 70 cikin 100 na sababbin motocin da aka saya a can na gazuwal ne. A watan Satumba na 2015 aka gano kamfanin Volkswagen ya sa wa motocinsa dabarar ɓoye yawan hayaƙin da suke fitarwa lokacin gwaji. Manyan birane suka shiga taƙaita shigar tsofaffin motocin gazuwal. A 2023 rabonsu a sababbin motocin Faransa bai kai kashi 10 ba. Motocin da Turai ta juya wa baya sai suka nemi kasuwa a wani wuri. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ƙiyasta cewa daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin 100 kuma Afirka suka zo.

Hanyar da suka biyo zuwa gare mu tsohuwa ce. Bayan karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, lokacin da faran ɗin Faransa ɗaya ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Kasuwa ta koma ga tsofaffin motocin da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, su shigo ta Gaya, da yawansu su zarce Najeriya ta Ƙonni da Maraɗi da Zinder. Harshe ya riƙe wannan ma: a Hausar Najeriya kwatano da beljiyam sun zama sunayen kayan da aka yi amfani da su a Turai. Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga Janairu na 2017, rufe iyakar Nijar da Benin bayan juyin mulkin Yuli na 2023 kuma ya tilasta wa kaya zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya taɓa farashin mota da na kayan gyaranta.

7. Lissafin mai

Cewa injin gazuwal bai kai na fetur shan mai ba gaskiya ne, kuma dalilinsa sananne ne. Ba ya buƙatar buji: yana matse iska sau 16 zuwa 20 ko fiye har ta yi zafi, sannan a fesa mai ya kama da kansa, alhali injin fetur na matsewa wajen sau 10. Lita ɗaya ta gazuwal kuma ta fi ta fetur ƙarfi da kusan kashi ɗaya cikin goma. Idan aka haɗa, ragowar kan kai kashi 20 zuwa 30 cikin 100 a yawan lita. Amma magidanci ba lita yake ƙirgawa ba, kuɗi yake ƙirgawa.

A ranar 28 ga Nuwamba 2011 aka buɗe matatar SORAZ, kimanin kilomita 50 arewa da Zinder a kan hanyar Tanut. Tana iya tace ganga 20,000 a rana na ɗanyen man Agadem, wanda ke zuwa ta bututu mai tsawon kilomita 462. Kamfanin CNPC na Sin ke da kashi 60, gwamnatin Nijar kashi 40. A karo na farko Damagaram ta zama mai fitar da fetur da gazuwal. Shekaru da dama farashin hukuma ya tsaya a sefa 540 ga litar fetur, 538 ga ta gazuwal. A watan Agusta na 2022 aka ɗaga gazuwal zuwa 668. A watan Yuli na 2024 aka rage fetur zuwa 499, gazuwal zuwa 618.

Bari mu ɗauki misali. Daga Zinder zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. A ce motar fetur na shan lita 9 a kilomita 100, takwararta ta gazuwal na shan 6.5. Ta farko za ta sha lita 81, ta biyu 58.5. Da farashin kafin Agusta 2022, mai fetur zai biya sefa 43,740, mai gazuwal 31,473. Ribar ta wuce jika 12. Da farashin Yuli 2024, na farko zai biya 40,419, na biyu 36,153. Ribar ta dawo jika 4 da ƴan kai. Injin bai sauya ba, amma kashi biyu cikin uku na ribarsa ya tafi da sa hannun hukuma.

Wannan ma lissafin gidan mai ne. Shekara da shekaru mai ƙaramar mota a Zinder ruwa-ruwa yake saye ƙasa da farashin hukuma, kuma fetur ne ke zuwa da arha, domin tun shekarun 2000 Najeriya ta janye tallafi daga gazuwal ta bar shi ga fetur. Sai a ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur. Arhar ruwa-ruwa ta gushe, jama'a suka koma gidajen mai, a watan Maris na 2025 har aka yi dogayen layukan fetur a biranen Nijar. Ke nan sharaɗin farko, wato mai, ya karkata ga gazuwal a makare, kuma bai tsaya wuri ɗaya ba.

8. A gareji

Sharaɗi na biyu da na uku su ne suka fi wuya. Injin gazuwal da ke cikin waɗannan motoci ba irin na tsohuwar hayis ba ne. Daga 1997 aka shiga ƙera injin da ke tara mai a bututu ɗaya da matsi mai tsanani, fiye da bar 1,300 a na farko, har 2,000 a na baya, kwamfuta kuma ita ke buɗe allurar fesawa. Ɗigon ruwa ko ƙwayar ƙura a cikin mai na iya lalata alluran, mu kuwa ƙasar hazo da jarka muke. Daga 2000, da Peugeot 607, aka soma sa matatar toka a bututun hayaƙi. Wannan matata na buƙatar doguwar tafiya don ta ƙone abin da ta tara, da mai maras yawan farar wuta. Ƙa'idar Turai tun 2009 ita ce kashi 10 cikin miliyan. CEDEAO ta tsai da 50 a 2020, Nijar kuma ta fita daga ƙungiyar a Janairu na 2025. Motar da aikinta kai yara lakwal da zuwa kasuwar Dole ba ta samun tafiyar da matatar ke so.

Giya mai canza kanta ita ma da nata sharuɗɗan. Da mai na musamman take aiki, zafin watan Afirilu da Mayu da ke wuce digiri 40 kuma yana tsufar da shi da wuri. Irin ta da ta fi giyar hannu shan mai. Sai masu giya shida zuwa takwas ne suka rage tazarar. Sannan ba a tayar da ita da turi. Wani abokin aikinmu ya ga haka da idonsa. Yana kan hanyar ɗaurin aure da iyalinsa, ya tsaya salla a wani ƙauye tsakanin Takeita da Tasawa, batir ya ƙi. Samarin garin suka taru suka tura, kamar yadda aka saba yi wa kowace mota tun zamanin kamyon gyaɗa, mota ba ta ce uffan ba. A nan suka kwana sai da aka kawo batir daga gari. Bayan wata biyu allura ɗaya ta mutu, motar ta shafe makonni a gareji ana jiran kaya, kuɗin gyaran kuma ya kusa cinye albashinsa na wata. Kasuwar Kano, da yake kasuwar motocin fetur ce, ba ta tara irin waɗannan kaya yadda ta tara na fijo.

A nan ma harshe na ba da shaida. Kalmomin wannan sabon inji, calculateur, capteur, injecteur, valise, ana faɗarsu ne kusan yadda suke a Faransanci. Ba su samu jam'i na Hausa ba, ba a saƙala musu wasali ba. Tsohon makaniki da kunne da hannu ya koyi aiki, da baki kuma ya koyar. Sabuwar mota kuwa ciwonta a rubuce yake fitowa, da lambobi da Faransanci ko Ingilishi, a fuskar na'ura. Yaron da aka kai gareji domin bai yi nisa a lakwal ba, ga shi lakwal ta biyo shi har ƙarƙashin mota.

9. Kammalawa

Abubuwa ukun da aka haɗa a mota ɗaya ba su kai matsayi ɗaya ba a ƙasarmu. Siffar motar ta samu shiga: a tashoshin Kano sharon, daga Sharan, ya riga ya zama sunan gama-gari, kuma aikin da take yi shi ne wanda fijo mai jeri uku ta yi, wato haya. Giya mai canza kanta na samun shiga a hankali ta hanyar motocin Toyota na fetur da ke zuwa daga Amurka, kalmar otomatik ma ta fara zama a bakin mutane. Injin gazuwal mai kwamfuta shi ne har yanzu baƙo, ko da yake a bayan gari ake tace mansa.

Ga mai niyyar saye, darasin tarihin nan shi ne ya fara da gareji kafin ya je wurin dillali: ya tambayi wa ke gyaranta, daga ina kayanta ke zuwa, kwana nawa suke yi a hanya. Ga mu masu nazarin harshe kuwa akwai aiki iri biyu. Na farko, a tattara kalmomin tasha da na gareji a Zinder, da Magarya, da Matamai, a gwada su da na Maraɗi da na Kano, tun tsofaffin direbobin gyaɗa da makanikan fijo da suka rage suna raye. Na biyu, a zauna da makanikai da malaman makarantun koyon sana'a a daidaita kalmomin Hausa na sabon inji, domin mai koyon aiki ya fahimci abin da na'ura ke gaya masa. Muna fatan ɗalibanmu masu neman batun bincike za su duba wannan fage, kuma muna maraba da gyara daga abokan aiki na sashen tarihi da na tattalin arziki.